Giyar Kajin da Ta Hana Inna Cin Tuwona

Shekarun baya can, tun jirgin ƙasa na shigowa Ƙaura yana kuka gari duk ya ji, na taɓa yin wani kiwon kaji da ya kusa raba ni da mahaifiyata. Abin da ya tuno min da shi, kwanaki na ga wata 'yar gayu a waya tana koya wa mutane yadda ake jiƙa abincin kaji ya yi tsami, tana ta yanga kamar ita ta ƙirƙiro abin. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce yarinya, mu mun yi wannan tun ba a haife ki ba, har ya ja mana magana.

Lokacin ban daɗe da tarewa ba. Daga wani ƙauye kusa da Birnin Tsaba aka kawo ni. Maigidana yadi yake sayarwa, yau yana kasuwar Ƙaura, gobe Shinkafi, jibi Zurmi. Gidan haya muke ciki wajen tasha, katanga ɗaya ta raba mu da wata mata Kirista, mutuniyar kudancin Zariya, mijinta ma'aikacin reluwe ne. Katangar gajeriya ce, in ta taka turmi sai ka ga kanta tsulum a gidanmu. Mace ce mai fara'a da ƙatuwar murya, ba ta iya magana a hankali ba ko da sirri ne. Amarya take ce min, ni kuma ina ce mata Maƙwabciya.

Tana da wasu fararen kajin turawa, na nama, ƙosassu, da ƙyar suke ɗaga ƙafa. Ni kuwa 'yan kajin Hausa ne gare ni da aka haɗo ni da su daga gida, duk ƙashi da gashi, sai gudu kamar an biyo su. To ni Allah ya yi ni da rashin son a fi ni. Na tasa maigidana gaba da naci har ya gaji ya yi wa mijinta magana, aka sako mana 'yan tsaki a kwali cikin jirgi daga Zariya. Ranar da suka iso ji nake duk unguwar ba wadda ta kai ni.

Ashe aiki na sayo wa kaina. Kazar turawa ba ta san ƙoshi ba, kuma abincinsu na buhu a lokacin ba kullum ake samunsa a Ƙaura ba. Na koma ba su busasshiyar dussa. Su tona, su watsar, rabi a ƙasa rabi a iska, sannan su biyo ni suna kuka kamar ban taɓa ba su komai ba. Wata safiya Maƙwabciya ta leƙo ta ga abin da nake yi, ta riƙe baki.

"Amarya, haka kike ba su? Ai kin kashe kanki da asara. Kawo randa."

Ita ta koya min. A zuba dussar gero ko ta dawa a randa, a ƙara ɓarzajjen hatsi da ɗan garin ƙuli-ƙuli, a zuba ruwan rijiya har ya sha kansu, a rufe da faifai a ajiye a inuwa. Kullum a motsa da muciya. In ruwa ya janye a ƙara, don in saman ya bushe fumfuna ce za ta kama shi, sai zubarwa. Bayan 'yan kwanaki za a ga yana kumfa yana tashin tsami, to ya yi, sai a tsamo a zuba musu a kasko daidai abin da za su cinye. Kuma kada a ƙarar da ruwan duka, a rage na jiƙa wani.

Ranar da na fara buɗe tawa randar, na ga kumfa na tasowa fus-fus, warin tsami ya daki hancina, sai na yi baya da gudu.

"A'uzu billahi! Maƙwabciya, wannan ai giya kika sa na dafa!"

Ta yi dariya har ta kusa faɗowa daga kan turmi. "To giyar kaji ce. Ba su su sha su yi miki rawa."

Shi ke nan suna ya bi abu. Kajin kuwa suka karɓe shi hannu biyu, ba tonawa, ba watsarwa, kasko tas. Gashinsu ya yi sheƙi, akurki ya rage wari, ƙirjinsu ya cika taf. Kullum da safe gaisuwarmu ke nan ta kan katanga, ta ce, "Amarya, giya ta nuna?" in ce, "Ta nuna." Ko sau ɗaya bai taɓa zuwa min a rai cewa akwai kunnen da zai ji wannan magana ya ɗauke ta da gaske ba.

Ana cikin haka aka aiko daga gida cewa Inna, mahaifiyata, ba ta da lafiya. Zazzaɓi ne ya kama ta tun ƙarshen damina ya ƙi sakinta, an yi na gargajiya an gaji, aka ce a kawo ta asibitin Ƙaura a yi mata allurai. Dole ta sauka a gidana, don ba mu da kowa a garin.

Yaran yanzu sai an yi muku bayani. Ni ce 'yar farin Inna, kuma ita mutuniyar da ce ta gaske. Ba ta faɗin sunana, ba ta kallon idona, ba ta yi min magana kai tsaye. In tana son ruwa ina tsaye a gabanta, bango za ta kalla ta ce, "A miƙo ruwa." Ƙannena su hau cinyarta su yi ta shagwaɓa, ni kuwa a ɗakin kakata na girma. Ga kuma kunyar gidan suruki a kai. Da ba ciwo ba, ko da igiya ba mai jawo ta gidana.

Duk da haka murna nake kamar me. Na share ɗaki, na yi turare, na ce yau Inna za ta ga 'yarta ta zama matar gida. Ranar da ta iso ta ɗan sha kunu, ta taɓa tuwo, na ce alhamdu lillahi.

Washegari da hantsi ina tsakar gida, sai ga kan Maƙwabciya a katanga.

"Amarya! Giyarki ta nuna? Tawa yau ta yi ƙarfi, tun daga ƙofar gida ake jin ta."

Ni kuma da bakina, da ƙarfina, na ce, "Tawa ma ta nuna, har ta fi ta jiya kumfa. Mutanena tun asuba suke jira."

Kajina nake nufi, wallahi. Haka nake ce musu, mutanena.

"Ai yanzu kin fi ni iyawa," in ji ta. "Ni na koya miki, ga shi kin wuce ni."

Muka yi dariyarmu ta sauka. Abin da ban lura da shi ba, Inna tana zaune a bayan ɗaki tana shan hantsi, ba abin da ya wuce kunnenta. Tsohuwar da ba ta taɓa ganin ana jiƙa wa kaza abinci ba, ta ji 'yarta da bakinta ta ce ta dafa giya kuma masu sha suna jira. Ni ban san ta ji ba, sai daga baya.

Daga wannan rana Inna ta ɗauke hannu daga abincina.

Da rana maigidana ya yanka mata kaza, wadda ta fi kowace girma. Na soya ta, na yi miya har da man shanu, na kai mata da rawar jiki. Da na koma ɗauko kwano, yadda na rufe shi haka na same shi. Na ce ko bakinta ne ba daɗi. Da yamma na yi tuwon dawa da miyar kuka irin ta gida. Ba ta taɓa ba. Kashegari na dama fura da nono mai kyau na Fulanin da ke kawowa, ta kalli bango ta ce, "An ƙoshi."

An ƙoshi da me? Wani ɗan gumba ne da ta ƙullo a tsumma daga ƙauye, shi take gutsira tana tsotsa. Ruwa ma ba ta yarda ta sha na randata ba, da kanta take lallaɓawa bakin rijiya da 'yar butarta, tana haki.

Ni da wayona sai na ce na gano. Kunyar suruki ce. Na tare maigidana a zaure na ce, "Malam, kai ne matsalar. Muddin tana jin takunka a gidan nan ba za ta ci ba." Bawan Allah, dama tun zuwanta a raɓe yake shiga gidansa kamar ɓarawo. Ya ce to, ya ɗaure kayansa ya tafi Shinkafi, ya ce zai kwana biyu wajen abokinsa. Na kori mutum daga gidansa a banza, don ko bayan tafiyarsa Inna ba ta ci ba.

Nan fa hankalina ya tashi. An ce kada ta sha ƙwayoyin da aka ba ta sai da abinci a ciki, ita kuwa haka take watsa su ta bi da ruwa. Ta fara jiri. Wata safiya a layin allura ƙafarta ta saki, da ban tare ta ba da ta kai ƙasa. Malamar asibiti ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke ce 'yarta? Ba ku ba ta abinci ne a gida?" Gaban mutane. Na rasa inda zan sa kaina.

Na lura dai idonta yana yawan zuwa kan randar nan da ke gindin bango. Ran nan ina motsa ta, sai na ji ta ce wa iska, "Waccan randa, mi anka aje ciki?"

"Na kaji ne, Inna."

Sai ta ce, "Na kaji. Hm. Allah shi kyauta."

Ni gaskiya na faɗa, ita kuwa a kunnenta ƙarya na ƙara a kan laifi. Da yamma ta fara ninke 'yan kayanta, ta ce wa bango ranar kasuwa mai zuwa a nemo mata motar Zurmi, gida za ta. Allurai ko rabi ba a yi ba.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Na shiga madafa na yi kuka mai isata. Na ce wato ko ciwo ya kawo ta gidana, abincin hannuna ne ba za ta iya ci ba? Da gidan ƙanwata ne da yanzu ta cinye kaza har ƙashi. Tun ina ƙarama nake jin matar nan kamar ba ta damu da ni ba, yau ga shi na gani da idona. Na fito da jajayen idanu, ni ma na kalli bango irin nata na ce, "In an yi wa mutum laifi a gida, ai sai ya faɗa a ba shi haƙuri." Casbinta kawai take ja.

Ana gobe kasuwa na tafi asibiti in karɓo mata sauran magani, tunda ta rantse sai ta tafi. Na daɗe a layi. Na dawo rana ta take, a gajiye, ina ta shirya yadda zan aika wa babana ya zo ya yi mata magana. Ina shiga na same ta zaune a tabarma a tsakar gida, ta kwance ƙullin kayanta ta baza zannuwa a igiya. Ta kalli akurkin kaji ta ce:

"Wai ba a ba baƙo abinci a gidan ga?"

Na ajiye ledar maganin ina kallonta. Sai ta ƙara da cewa, "Ko ɗumame na, a kawo."

Jama'a, ban san lokacin da na isa murhu ba. Na ɗumama tuwon jiya na kawo mata. Ta cinye tas, ta suɗe kwano, ta sha ruwan randata har da gyatsa. Sannan ta ce, "Ina kazar nan da anka yanka?" Na ce ai an rabar. Ta ce, "Ashsha. To a yanka wata." Sai da na nemo mai yanka a maƙwabta, tunda na kori nawa.

Da la'asar na ga ta miƙe ta nufi randar. Ta ɗaga faifai, ta sa muciya ta motsa, ta shinshina, ta taɓe baki irin na wanda ya san aiki.

"Ruwa ya yi kaɗan. Kuma in an wanke surfe a bar zubar da ƙasarin, a zuba shi nan, ya fi saurin tashi."

Na gwada kuwa, haka ne. Daga ranar ita ta karɓe aikin randa. Da safe ta motsa, ta zuba musu, ta tsaya tana yi musu faɗa wai ba su da tarbiyya wajen ci. Ta gama alluranta cif, kumatunta suka dawo. Maigidana ya dawo daga gudun hijirarsa yana tambayata wace addu'a na yi. Na ce ni ma ban sani ba. Ranar tafiyarta ta sa aka ɗaure mata kaji biyu a kwando, ta ce a gai da Maƙwabciya da kyau, matar kirki ce. Na yi mamaki, don a sanina ba su taɓa haɗa ido ba.

Ƙurar motar ba ta gama kwantawa ba sai ga Maƙwabciya, yau ba ta katanga ba, ta ƙofa. Ta zauna ta ce, "Amarya, an ce kada in faɗa, amma in ban faɗa ba cikina zai fashe."

Ashe ranar da na tafi asibiti, Inna ta yafa mayafinta ta dafa bango ta fita. Matar da ko gidan dangi ba ta shiga sai da dalili, ta yi sallama a gidan baƙuwar da ba ta san yarenta ba. Aka ba ta kujera ta ƙi. Sai ta durƙusa a ƙasa, gwiwa biyu, gaban matar da ba ta wuce sa'ar 'yarta ba.

Maƙwabciya ta ce ta ruɗe, tana ta cewa, "Mama, tashi, Mama, lafiya?"

Inna ta ce, "Baiwar Allah, roƙo niz zo. Yarinyar can ɗiyata ta, ita ce ta fari. Ban san garin ga ba, ban san abin da yak kai ta ga wanga aiki ba. In rashi na, ina da tumaki a gida, in sayar in kawo mata. Don girman Allah ki bar koya mata dahuwar giya. Ubanta bai sani ba, kuma ba ya ji ga bakina ba. In magana ta fita, a ce ni ce ban yi tarbiyya ba, kada a taɓa mata aure."

Maƙwabciya ta dafe ƙirji. "Ni? Giya? Mama, ni fa 'yar zumuntar mata ce a coci! Ko mijina ya kuskura ya sha, a waje zai kwana!"

Ta kama hannunta ta kai ta gaban tata randar, ta buɗe. Inna ta kau da kai. Maƙwabciya ta ɗebo ta zuba a kasko, kaji suka yi caa a kai. Ta lakato da yatsa ta lasa a gabanta. Sai a lokacin Inna ta matso, ta shinshina, ta daɗe tana kallo, sannan ita ma ta sa yatsa ta ɗanɗana.

"Wanga ai ƙullun koko na da ba a tace ba."

"Shi ne, Mama."

"To don mi kuke ce mai giya?"

"Wasa ne, Mama."

"Wasa," in ji Inna. Ta ce sai tsohuwa ta zauna daɓas a ƙasa ta kama dariya, tana yi tana tafa hannu, har dariyar ta koma kuka. Maƙwabciya ta kawo mata ruwa ta sha. Da za ta fita ta juyo ta ce, "Kada ki gaya mata na zo."

Maƙwabciya na ba ni labari tana dariya, tana kwaikwayon muryar Inna. Ni kuwa na kasa. Na rufe fuska da gefen zane na yi ta kuka, har ita ma ta daina dariyar ta dafa ni. Da na sarara na ce mata daga yau na soke sunan nan, kokon kaji za mu riƙa cewa. Ta ce ta yarda, amma fa bai kai wancan daɗin faɗa ba.

Na ci gaba da kiwona shekara da shekaru, da randa biyu har uku, kuma ban taɓa nadamar koyon jiƙon nan ba. Su Maƙwabciya daga baya aka yi wa mijinta canjin wurin aiki suka bar Ƙaura, mun rabu muna kuka. Inna ma can ƙauye ta koya wa matan gidanmu, har suna cewa dabararta ce, ni kuma ban taɓa yi musu gardama ba.

Abin da ya fi zauna min a rai shi ne wautata. Ina madafa ina kuka wai ba ta so na, ita kuma tana ɗaki da yunwa da jiri tana neman yadda za ta cece ni ba tare da ta kunyata ni ba. Da ta so, kalma ɗaya za ta faɗa wa babana a zo a ɗaga gidan. Da ta so, ta kira ni ta wanke ni tas. Kunya ta hana ta tambaye ni, so kuma ya hana ta tafi ta bar ni a haka.

Inna ta yi tsawon rai bayan wannan, Allah ya jiƙanta. Mun zauna tabarma ɗaya ba adadi, tana magana da bango ina amsawa, kuma ban taɓa nuna mata na sani ba. Ta ce kada a gaya min, na bar mata abinta a rufe har ta koma ga Mahaliccinta. Mutane kan tambaye ni ko ban ji ciwo ba, a ce uwa ta rayu ta mutu ba ta taɓa ce maka tana sonka ba. Ni dai dariya nake yi. Na san akwai ranar da tsohuwar nan ta dafa bango da yunwa a cikinta, ta je ta durƙusa gaban baƙuwa saboda ni. Wannan ya ishe ni har in mutu.